Jirgi na zagaye a sama, jita-jita na zagaye a ƙasa: abin da matuƙan soja suka sani game da shawagin jira

Tun daga ranar 8 ga watan Disamban 2025, lokacin da wani jirgin dakon kaya samfurin C-130 na sojan saman Najeriya ya sauka a Bobo-Dioulasso ba tare da an shirya zuwansa ba, batun abin da ke yawo a sararin samaniyar Sahel ya daina zama hirar ƙwararru kaɗai. Ƙawancen AES ya ce jirgin ya keta sararin Burkina Faso babu izini, ya kuma sanar da cewa an sa rundunonin kare sama na ƙasashen uku cikin shirin ko-ta-kwana, tare da ba su damar kakkaɓo duk jirgin da ya shigo ba bisa ƙa'ida ba. Abuja ta ce jirgin na kan hanyarsa ta zuwa Portugal ne, wata matsalar na'ura ta tilasta wa matuƙa sauka a filin da ya fi kusa. Sojoji 11 suka kwashe kwanaki a tsare, sai da ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Wagadugu ya gana da Kyaftin Ibrahim Traoré kafin a sake su. Lamarin ya zo ne kwana guda bayan yunƙurin juyin mulki a Kwatano, inda jiragen yaƙin Najeriya suka kai wa gwamnatin Patrice Talon ɗauki.

A irin wannan yanayi, duk mai wayar salula ya zama mai gadin sama. Manhajar Flightradar24 da makamantanta suna nuna ƙananan jirage masu launin ɗorawa suna rarrafe kan taswira, kowane da sunansa, da tsayinsa, da gudunsa, da layin hanyar da ya biyo. Da zarar layin ya lanƙwashe ya zama zobe, sai a ɗauki hotonsa a tura. Kafin a sauke shayi na biyu a fada, an riga an san ko jirgin na wane ne, da abin da ya ɗauko, da wanda ya turo shi. Leƙen asiri ne, in ji wannan. An hana shi sauka ne, in ji wancan. Na uku ya rantse wani babba ne ke shirin gudu.

Matuƙin jirgi, na soja ne ko na farar hula, idan ya ga wannan zoben, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne darasin da ya maimaita har ya gaji a makarantar tuƙi.

Yadda jirgi ke jira

Mota idan ta iso shingen laduwan ta tarar da layi, direba zai taka birki ya kashe inji. Jirgi mai fiffike ba shi da wannan gatan: in ya tsaya ya faɗo. Saboda haka aka tsara masa hanyar jira a sama, kuma tsarin kusan ɗaya ne a duk duniya ƙarƙashin ƙa'idodin hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda masu Faransanci suka sani da OACI. Ana ba matuƙi wani wuri sananne a taswira, ya wuce ta kansa, ya juya dama na minti ɗaya, ya miƙe na minti ɗaya, ya sake juyawa na minti ɗaya, ya miƙe ya dawo wurin da ya faro. Siffar da hakan ke bayarwa ta fi kama da filin sukuwa, gefe biyu a miƙe, kai da gindi a lanƙwashe. Zagaye guda na cin kusan minti 4 in babu iska. Idan jirgin ya haura ƙafa 14,000, wato sama da mita 4,200, ana tsawaita miƙewar zuwa minti ɗaya da rabi. Wahalar aikin tana cikin iska, domin ita ke tura jirgi gefe, dole matuƙi ya yi ta gyara kwana da lokaci don kada ya fita daga yankin da aka keɓe masa.

Idan masu jira sun yi yawa, ana jera su bisa juna kamar kwanonin abinci, tsakanin kowane da na samansa ƙafa 1,000, kusan mita 300. Na ƙasa ya samu izinin sauka, kowa ya sauko mataki ɗaya. A filin jirgin Heathrow na Landan akwai wurare huɗu na dindindin da aka ware don wannan jeri, kuma mazauna wajen sun saba da ganin jirage na kewaya musu kai kowace safiya ba tare da wani ya ce za a yi yaƙi ba.

Filin Diori Hamani na Yamai ba shi da cunkoson Landan. Namu dalilan daban ne. Hazo a lokacin hunturu yakan rage nisan gani har ya gaza abin da doka ta yarda a sauka da shi. Da damina, hadari mai tsawa yakan tsaya kan fili na rabin awa ko fiye, kuma babu matuƙi mai hankali da zai kutsa cikinsa. Ana iya rufe titin sauka don jirgin shugaban ƙasa, ko don wani jirgi da tayarsa ta fashe, ko don duba titin bayan karo da tsuntsu. A Yamai kuma akwai ƙarin abu: sansanin sojan sama na 101 yana amfani da titin da jiragen fasinja ke sauka a kai, don haka wani lokaci ɗaya ne zai dakata wa ɗaya.

Akwai dalilin da ya fi ba mutane mamaki. Jirgi yakan tashi da nauyin da ya wuce wanda aka yarda ya sauka da shi, saboda man da ya ɗauka. Idan matsala ta taso jim kaɗan bayan tashi, kuma ba ta gaggawar rai ba ce, matuƙi zai zaɓi ya rage nauyi tukuna. Manyan jirage da dama suna iya zubar da mai a sama, amma irin su Boeing 737 da Airbus A320, waɗanda su ne suka fi zuwa filayenmu, ba su da wannan na'ura. Sai dai su ƙona man ta hanyar zagaye. A watan Satumban 2005 wani A320 na kamfanin JetBlue da tayar gabansa ta karkace ya kwashe kusan awa 3 yana shawagi a yankin Los Angeles, fasinjoji na kallon labarin kansu a talabijin ɗin da ke bayan kujeru, kafin ya sauka kowa lafiya.

Abin da matuƙi ke kallo a duk tsawon wannan lokaci shi ne ma'aunin mai. Doka ta tilasta wa jirgin fasinja mai injin jet ya riƙe man ajiya na ƙarshe da zai ishe shi shawagin minti 30, ban da na zuwa wani filin in na farko ya gagara. An koyi muhimmancin wannan da jini. Ranar 25 ga Janairun 1990 jirgin Avianca mai lamba 52, wanda ya taso daga Kolombiya zuwa New York, ya shafe fiye da awa guda a shawagin jira har sau uku saboda rashin kyan yanayi. Matuƙan sun nuna damuwa kan mai, amma ba su furta kalmar neman agajin gaggawa da masu kula da zirga-zirga ke jira su ji ba. Injuna suka mutu, mutum 73 suka rasu. Saboda haka idan jirgi ya yi zobe biyu ko uku a saman Yamai sannan ya kama hanyar Wagadugu ko wani gari, bayani mafi kusa shi ne lissafin mai ya ce lokacin jira ya ƙare.

Zoben soja

Ga jirgin soja, zagaye sau da yawa shi ne aikin kansa. Jirgin da ke shayar da wasu mai a sama yana bin irin wannan filin sukuwa, amma mai tsawon gaske, don masu ƙishirwa su san inda za su same shi. Jirgin da ke ɗauke da rada yana kewaya wuri guda na awoyi. Jiragen yaƙi masu gadin wani yanki haka suke yi. Jirgi maras matuƙi kamar Bayraktar TB2 na Turkiyya, wanda Nijar ta saya, yana iya wuce awa 24 a sama, kuma kewayawa ce hanyar da kyamararsa ke zuba wa wuri ɗaya ido. Sai kuma horo: matuƙi dole ya riƙa maimaita shawagin jira da gwajin sauka don kada takardarsa ta mutu, kuma wannan kaɗai ya isa ya cika taswira da zobba a ranar da babu komai.

To ta yaya mai kallo zai bambance? A mafi yawan lokuta ba zai iya ba, kuma a nan ne matuƙan soja ke ganin masu hasashe sun yi nisa da gaskiya. Manhajar ba rada ba ce. Jirgin ne da kansa ke shelanta inda yake ta wata na'ura da ake kira ADS-B, ƙananan akwatunan da masu sha'awa suka kafa a kan rufin gidajensu su kama saƙon, su tura wa kamfanin, wanda ke Suwidin. A Turai akwatunan sun yi yawa. A Sahara ƴan kaɗan ne, shi ya sa jirgi kan ɓace daga taswira a arewacin Agadas ba don ya kashe komai ba, ko kuma manhajar ta ci gaba da zana masa layin ƙiyasi. Inda ake dagula siginar GPS, kamar gabashin Bahar Rum da yankin Baltik, jirgi kan bayyana a inda bai taɓa zuwa ba.

Sannan jirgin soja yana da maɓallin kashewa. A watan Janairun 2018 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya yi gargaɗin cewa wannan na'ura na iya tona asirin zirga-zirgar jiragen soja, kuma a 2019 hukumar jiragen saman ƙasar ta ba jiragen gwamnati masu aikin sirri izinin kashe ta. Ma'anar wannan a bayyane take: jirgin sojan da ka gani a wayarka, ko dai aikinsa ba na ɓoyo ba ne, ko kuma so ake ka gan shi.

Makonni kafin Rasha ta afka wa Ukraine a watan Fabrairun 2022, jirgin leƙen asirin Amurka maras matuƙi samfurin Global Hawk ya riƙa tasowa daga Sisili yana zana dogayen zobba a saman Ukraine da na'urarsa a kunne, dubban mutane na bin sa. Wannan saƙo ne ga Mosko. Abin da ya faru a watan Yunin 2025 ya fi haka. Ranar 21 ga wata masu bibiyar jirage suka hango ayarin jiragen dakon mai sun nufi yamma, suka saurari maganar matuƙa da masu kula da zirga-zirga, suka yanke cewa jiragen B-2 na kan hanyar tsibirin Guam a tekun Pasifik. Manyan kafofin labarai suka ɗauka. A daidai lokacin wasu B-2 guda 7 sun tashi daga sansanin Whiteman na jihar Missouri sun yi gabas shiru, tafiyar awa 18, cikin ayarin da ya kai hari kan cibiyoyin nukiliyar Iran. Washegari babban hafsan hafsoshin Amurka Janar Dan Caine, wanda shi kansa tsohon matuƙin F-16 ne, ya faɗa a bainar jama'a cewa waɗanda suka yi yamma yaudara ce da aka shirya. Masu bibiyar ba su yi ƙarya ba, abin da suka gani gaskiya ne. An dai ajiye musu shi ne don su gani, kuma suka yi wa Pentagon aikin shela kyauta.

Kashe na'urar ma yana da nasa farashi. Bayan karon da aka yi ranar 29 ga Janairun 2025 a saman kogin Potomac na Washington, tsakanin jirgin fasinja da helikwaftan soja, inda mutum 67 suka mutu, bincike ya nuna helikwaftan ba ya watsa saƙon ADS-B. Ba wannan kaɗai ya jawo haɗarin ba, amma ya sake tayar da muhawarar yawan ɓuyar da ya kamata a yarje wa soja a sararin da yake tarayya da farar hula.

Abin da ya fi damun matuƙin soja shi ne ranar da masu kallo suka yi daidai. A daren 15 ga Yulin 2016, yayin yunƙurin juyin mulki a Turkiyya, jirgin shugaba Erdogan ya taso daga Dalaman da lambar kira irin ta jirgin fasinja na Turkish Airlines, ya tsaya yana shawagin jira a kudu da Istanbul har sai an tabbatar filin sauka na hannun masu biyayya. Masu bibiya suka gane shi, wani kamfanin nazarin tsaro na Amurka mai suna Stratfor ya wallafa inda yake, alhali jiragen F-16 na masu tawaye na sama. Jirgin da ke zagaye shi ne ya fi sauƙin harbi, domin an san inda zai dawo bayan minti huɗu. Ranar da kuma suka yi kuskure, ɓarnar ta kan faɗa wa gaskiya ne: lokacin da jirgin shugaban Wagner Yevgeny Prigozhin ya faɗi a yankin Tver ranar 23 ga Agustan 2023, ganin wani jirgi na biyu da ake alaƙantawa da shi yana kewaya a kusa da Mosko ya isa a yi ta yaɗa cewa mutumin na raye.

Inda hukuma ta yi shiru

Zai yi sauƙi a ɗora laifin duka kan matasa masu waya. A ganina rabin laifin ne nasu. Mutanen Nijar ba haka kawai suka fara ɗaga kai sama ba. Shekaru goma jiragen Faransa da na Amurka suna tashi daga Yamai da Agadas ba tare da talaka ya san inda suka nufa ba. Ranar 6 ga Agustan 2023, da wa'adin CEDEAO ya cika, majalisar CNSP ta rufe sararin samaniyar ƙasar, ba a sake buɗe wa jiragen kasuwanci ba sai 4 ga Satumba. Ranar 9 ga Agusta kakakin majalisar, Kanal-manjo Amadou Abdramane, ya ce wani jirgin sojan Faransa da ya taso daga Njamena ya yanke hulɗa da masu kula da zirga-zirga daga ƙarfe 6 da minti 39 zuwa 11 da kwata na safe. Paris ta ce an ba jirgin izini kuma an tsara tafiyar tare da sojojin Nijar. Sai kuma daren 1 ga Afrilun 2025, da Aljeriya ta harbo jirgin Mali maras matuƙi a Tinzawaten, kowane ɓangare na cewa shi ne da gaskiya, har Mali da Nijar da Burkina suka janye jakadunsu daga Aljas. Wanda ya rayu cikin waɗannan ba za a ce masa zargi hauka ne ba.

Amma a lura da abu guda: babu ɗaya daga cikin waɗannan rigingimu da hoton waya ya warware, ko zai iya warwarewa. Tambayar da ke tsakiyarsu ita ce izini. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko kan samanta, sashi na 3 kuma ya ce jirgin soja, ko na laduwan, ko na ƴan sanda, ba ya ratsa wata ƙasa sai da yardarta. Wannan yarda takarda ce da ke bi ta hanyar diflomasiyya, tana da lamba, tana da rana, kuma ba ta fitowa a taswirar kowace manhaja. Shaidar da ke da nauyi tana wurin ASECNA, hukumar da aka kafa a 1959 mai kula da zirga-zirgar jirage a ƙasashen Afirka da dama, wadda ke da cibiya a Yamai: tsarin tafiyar da matuƙi ya shigar, da naɗin maganarsa da hasumiya, da bayanan rada. A nan Yamai ɗin ne ma makarantar EAMAC take, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage na ƙasashe da yawa. Ilimin yana cikin gida. Fitowarsa ce ke wuya.

Babu wanda ke neman rundunar sojan sama ta bayyana inda jiragenta marasa matuƙa ke kewayawa a Tillaberi ko Diffa. Wannan sirri ne mai tsare rayuka, kuma wanda ya wallafa shi yana iya taimakon waɗanda ake nema. Amma jirgin fasinja da hazo ya hana sauka ba sirrin ƙasa ba ne. Layi biyu daga hukumar filin jirgi ko ta ANAC, cewa jirgi kaza ya jira minti kaza saboda yanayi sannan ya juya, zai kashe jita-jitar da in ba haka ba za ta kwana tana yawo daga Maraɗi zuwa Damagaram, ta tayar da hankalin iyalan da ke jiran ɗan uwa a bakin ƙofar fita.

Mai turawa ma yana da abin da zai yi asara. Tun watan Yunin 2024 aka gyara dokar 2019 kan laifukan intanet aka maido da hukuncin ɗauri, kuma yaɗa bayanan da aka ɗauka za su iya dagula zaman lafiyar jama'a na iya kai mutum kaso na shekara 2 zuwa 5, ban da tara ta miliyoyin sefa. Ƙungiyoyin ƴan jarida sun soki faɗin wannan sashi, kuma suna da hujja, domin ba a fayyace inda kuskure ya tsaya da inda laifi ya fara ba. Sai dai dokar na aiki, kuma hoton zobe da aka rubuta wa "ga jirgin abokan gaba a saman Tawa" ya shiga cikin irin abin da mai gabatar da ƙara zai iya ɗauka.

Akwai abubuwan da mai kallo zai iya dubawa da kansa kafin ya taɓa maɓallin turawa, kuma duk suna kan allon da ke gabansa. Idan zoben na kusa da filin jirgi, tsayinsa na raguwa mataki-mataki, kuma lambar kiran ta kamfanin fasinja ce, layin sauka ne. A duba ko wasu jiragen ma na yin haka a lokaci guda, wanda ke nuna matsalar ta fili ce ko ta yanayi. A duba ranar da ke jikin hoton, domin tsofaffin hotuna kan dawo duk lokacin da gari ya yi zafi. Matuƙin da ke cikin matsala ta gaske yana da lambobin da yake sa wa na'urarsa, kuma manhajar kan nuna wasunsu da ja: 7700 na gaggawa, 7600 na mutuwar rediyo, 7500 na fashin jirgi.